Akwatin Tsakiya da Aka Tsayar a Gefe

Tun muna yara a zauren karatu, kafin mu san bambancin lugga da nahawu, malamanmu suka haddatar da mu cewa asalin ma'anar zalunci a harshen Larabawa ita ce ajiye abu a inda ba muhallinsa ba, hikima kuwa da adalci su ne a ba kowane abu gurbin da ya dace da shi. Na daɗe ina ɗauke da wannan ta'arifi kamar yadda mutum kan ɗauki laya a aljihu, ya san tana nan amma bai taɓa farke fatarta ya ga abin da aka rubuta a ciki ba, har ranar da wata 'yar mas'ala ta taso a gidan ƙanwata a Kwandiko, cikin ƙasar Gwaram, a kan waɗansu akwatunan sauti guda uku waɗanda kuɗinsu duka bai taka kara ya karya ba. A nan ne na lura cewa ta'arifin, duk da kyansa da gajartarsa, ya bar tambaya mafi wuya a buɗe, watau wane ne ke faɗin muhallin abu, kuma da wace alama ake gane shi.

Ga yadda abin ya faru. Ɗan ƙanwar tawa saurayi ne mai fasahar hannu, wanda ya koyi jan wayar sola da gyaran rediyo har mutanen ƙauyukan da ke kewaye suka san shi da wannan, kuma ya daɗe yana sha'awar irin kayan sautin nan da 'yan kasuwa ke kira hom tiyata, wato amfilifaya guda da lasifika shida: biyu a gaba dama da hagu, ɗaya a tsakiya, biyu ƙanana a baya, da wata babba mai gurnani wadda ake ajiyewa a ƙasa. Da ya tara abin da ya tara, ya shiga mota zuwa Kano, ya zaga wajen masu sayar da kayan lantarki na hannu a Sabon Gari, sai ya tarar kuɗinsa bai kai cikakken saiti mai kyau ba. Abin da ya samu a wani shago shi ne akwatunan tsakiya guda uku iri ɗaya, dogaye masu kwanciya, kowanne da manyan bakuna biyu da wani ɗan ƙarami a tsakaninsu, waɗanda 'yan'uwansu na saiti suka lalace ko aka sayar da su dabam, suka rage a kan kanta ba mai taya su, domin mutane biyu-biyu suke sayen lasifika. Ya saye su da araha, ya haɗa da mai gurnanin da amfilifaya, ya dawo gida. Ɗaya ya kwantar da shi a ƙarƙashin talabijin kamar yadda aka saba, sauran biyun kuwa ya tsayar da su a kan gindinsu, ɗaya dama ɗaya hagu, suka zama su ne na gaba.

Akwai wani dattijo maƙwabcinsu, malami mai zaure da almajirai, wanda yakan shigo bayan Isha'i don sauraron tafsiri da labarai. Daren da nake can, ya ƙura wa akwatunan ido na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wannan da ka tsayar ai don kwanciya aka yi shi. Dubi sunan da ke jikinsa, rubutun ma ya karkace. Wanda ya ƙera abu ya fi ka sanin inda ya kamata a sa shi." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, na gwada su a kwance na gwada su a tsaye, kunnena ya ce mini tsayuwar ta fi." Malam ya yi murmushi, ya kawo ƙissar nan da ta zo a Sahihul Buhari, ta mutumin da ya hau saniya yana kora ta, Allah ya buɗe bakinta ta shaida masa cewa ba don hawa aka halicce ta ba, don huɗar gona aka halicce ta. Yaron ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, kai me ka gani?" Ban sami amsa ba a daren nan, kuma wannan rubutu shi ne abin da na iya tarawa daga baya.

Wajibi ne in fara da ba hujjar Malam haƙƙinta, domin tana da ƙarfi fiye da yadda matasa kan zata. Masana falsafa na dā, daga Arisɗo har zuwa Ibnu Rushdi alƙalin Ƙurɗuba wanda ya yi sharhin littattafansa, sun ce ba a sanin abu sani na haƙiƙa sai an san illolinsa huɗu: abin da aka yi shi da shi, da siffar da aka ba shi, da wanda ya yi shi, da gayar da aka yi shi dominta, kuma a wurinsu gayar ita ce shugabar sauran, don ita ce ke sa maƙeri ya zaɓi ƙarfe ya bar katako, ya lanƙwasa bakin lauje ya miƙe na wuƙa. Wanda ya jahilci gayar abu yakan ɓata shi ko da niyyarsa kyakkyawa ce, kuma mun sha gani a ƙauyukanmu yadda ake kashe injin ban-ruwa da aikin da ya fi ƙarfinsa, ko a ɗora wa babur buhunan da jaki biyu ba za su ɗauka ba. Saboda haka idan dattijo ya ce a girmama niyyar maƙeri, nasiha ce ta wanda ya ga dukiya da yawa ta salwanta a hannun masu gaggawa.

Amma ƙissar saniyar kanta, idan aka koma ga abin da malamai suka ce a kanta, ba ta rufe ƙofar kamar yadda ake tsammani ba. Hafizu Ibnu Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan Hijira, da ya zo wannan hadisi a sharhinsa Fathul Bari, ya ambaci cewa akwai waɗanda suka kafa hujja da shi a kan kada a sa dabba aikin da al'ada ba ta gudana da shi ba, sa'an nan ya nuna cewa mai yiwuwa ne maganar saniyar ishara ce zuwa ga mafi girman abin da aka halicce ta dominsa, ba iyakancewa ba, tun da yake babu saɓani a kan cewa ana yanka ta a ci namanta. Mu kuwa a ƙasar Hausa mun san takarkari, sa ne da ake ɗora wa kaya har a hau shi, kuma fatake da makiyaya sun yi ta ratsa ƙasashe da shi a gaban idon malamai masu tsoron Allah. A yau ma shanun huɗar da ke jan garma da damina su ne ke jan amalanke zuwa kasuwar Sara da rani. Ashe ke nan ko a halittar Ubangiji, wanda babu kuskure a cikin hikimarsa, abu ɗaya yana iya ɗaukar manufa babba da waɗansu ƙanana a ƙarƙashinta. To, ina ga abin da ɗan Adam ya ƙera, alhali niyyarsa a cakuɗe take da neman riba, da tsadar kaya, da ƙuncin wuri, da son abin da zai burge mai saye? A nan ƙiyasin Malam ya sami rauni, domin ya daidaita gayar Mahalicci da gayar kamfani, kuma tsakaninsu akwai tazarar da ke tsakanin ilmi cikakke da dabarar wucin gadi.

Wannan ya sa na koma ga tarihin akwatin tsakiyar, don in ga ko kwanciyar tasa asali ce ko lalura. A shekarar 1931 wani injiniya a Ingila, Alan Blumlein, ya nemi rajistar hanyar ɗaukar sauti ta kafofi biyu, dama da hagu, kuma abin da ya tunzura shi shi ne ganin ɗan wasa a gefe ɗaya na allon silima alhali muryarsa na fitowa daga wani gefen. A watan Afrilu na 1933 kuma injiniyoyin ɗakin binciken Bell a Amurka suka aika kiɗan wata babbar ƙungiyar makaɗa ta waya daga Filadelfiya zuwa Washinton, kuma ba su tsaya a kan lasifika biyu ba, uku suka jera: dama, hagu da tsakiya. Dalilin ukun yana cikin ɗabi'ar kunnen mutum. Idan lasifika biyu suka fitar da murya ɗaya a lokaci ɗaya, wanda ke zaune daidai tsakaninsu yakan ji kamar muryar daga tsakiya take fitowa, inda babu komai. Amma kunne yana fifita sautin da ya riga isowa, kuma da yake sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, ya isa mutum ya fi kusa da ɗaya da abin da bai kai kamu guda ba, sai muryar duka ta tattara ta koma wajen wanda ya fi kusa da shi. Watau lasifika biyu mutum ɗaya kaɗai suke yi wa adalci, wanda ya sami kujerar tsakiya. An ƙaro na uku ne domin na gefe, don wanda ya makara ya zauna bakin ƙofa shi ma ya ji magana na fitowa daga bakin mai maganar. Na ji daɗin gano wannan ƙwarai, cewa akwatin da ake jayayya a kansa tun farko don haƙƙin jama'a aka samar da shi.

A gidajen silima, tun daga manyan alluna na shekarun 1950 har zuwa yau, waɗannan ukun na gaba iri ɗaya ne, tsayinsu ɗaya, a tsaye suke a bayan allo, domin allon yadi ne mai ƙananan huda waɗanda sauti ke ratsawa. Da abin ya sauko cikin gidaje, musamman daga 1987 da kamfanin Dolby ya fitar da tsarin da ya ware wa tsakiya hanyarta a na'urorin gida, sa'an nan tsarinsa na dijital mai hanyoyi shida da aka fara a silima a 1992 ya biyo baya a kan faifan bidiyo, sai aka ci karo da cikas: talabijin gilashi ne, sauti ba ya ratsa shi, kuma idan aka tsayar da dogon akwati a gabansa zai tare hoto. Babu makawa sai a kwantar da na tsakiya a ƙarƙashi ko a bisa. Tsarin manyan bakuna biyu da ƙarami a tsakani kuwa, wanda ake jingina wa injiniya Joseph D'Appolito saboda bayanin da ya gabatar a kansa a 1983, a tsaye ya tsara shi, baki ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Masu kamfani ne suka ɗauke shi suka kwantar don ya shiga ƙarƙashin talabijin.

Kwanciyar kuwa tana da farashi, kuma duk wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu a kududdufi lokaci guda zai gane shi. Kowane dutse yakan tayar da da'irorin ruwa, kuma inda da'irorin suka haɗu, wani wuri tudun wannan ya hau tudun wancan ruwa ya ƙara tashi, wani wuri kuma tudun wannan ya faɗa kwarin wancan ruwa ya kwanta lumui kamar ba a taɓa shi ba. Haka manyan bakunan nan biyu suke, abu ɗaya suke faɗa a lokaci ɗaya. Wanda ke gabansu sosai nisansa da su ɗaya ne, sautinsu ya iso masa tare ya ƙarfafa juna. Wanda ke gefe kuwa ya fi kusa da ɗaya, sai na nesa ya iso a makare. Sautin da ke kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa tsawon igiyarsa kimanin santimita 34 ne, kuma idan bambancin nisan ya kai rabin wannan, wato santimita 17, sai su kashe juna. Idan tsakanin bakunan akwai santimita 34, mutumin da ya kauce daga tsakiya da digiri 30 ya faɗa cikin wannan rami daidai, kuma abin takaicin shi ne a wannan yanki na sauti da abin da ke sama da shi kaɗan ne ake rarrabe haruffan magana. Yana jin ƙara, amma kalmomin sun dushe masa. Idan aka tsayar da akwatin, ramukan nan ba sa ɓacewa, sai dai su juya su koma sama wajen rufi da ƙasa wajen daɓe, dama da hagu kuwa sauti ya bazu daidai wa daida.

Da na fahimci wannan sai jikina ya yi sanyi, domin ya bayyana cewa yaron, wanda bai taɓa jin sunan D'Appolito ba, ya mayar da abin ga asalinsa ne da shaidar kunnensa, kuma wanda ke cikin halin lalura a ɗakin nan shi ne na ukun da aka bari a kwance bisa umarnin maƙeri. Rubutun da ya karkace a jikin akwatin, wanda shi ne hujjar Malam ta zahiri, alama ce ta inda kamfani ya so a ajiye shi, amma ɗabi'ar abin tana cikin jerin bakunansa da yadda iska ke ɗaukar sauti, kuma wannan sunna ce ta Allah a cikin halittarsa wadda ba ta canzawa don an buga wani suna a kwali. Malaman usulu sun daɗe da cewa a sha'anin ma'amala ma'ana ake dubawa da manufa, ba lafazi da siffar waje ba, kuma asalin abubuwan al'ada halacci ne har sai dalili ya hana, saɓanin ibada wadda asalinta tsayawa ne a kan abin da aka shar'anta. Kuskurenmu da yawa yana zuwa ne daga ɗaukar hukuncin ibada mu ɗora wa kayan duniya, mu mai da takardar kamfani kamar nassi.

A hanyata ta komawa Kano na biya ta Birnin Kudu, na tuna da duwatsunta, Dutsen Habude da Dutsen Mesa da 'yan'uwansu, inda mutanen farko suka zana hotunan shanu a jikin kogo, kuma inda a 1955 Bernard Fagg, ma'aikacin sashen kayan tarihi na Nijeriya, ya lura da waɗansu fale-falen duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su, da gurabun da bugun shekaru aru-aru ya lotsa a jikinsu, har ya rubuta labarinsu a 1956 masana na duniya suka fara neman irinsu a wasu ƙasashe. Babu maƙerin da ya sassaƙa waɗannan duwatsu don su yi amo, babu rubutu a jikinsu da ya ce a buga nan. Wani ne cikin mutanen dā, wataƙila makiyayi mai jiran shanunsa, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya gane abin da Allah ya ajiye a cikin dutsen. Ban ga bambanci na asali ba tsakanin abin da ya yi da abin da ɗan ƙanwata ya yi, kuma ina ganin wannan ɗabi'a ta gwadawa da saurare tsohuwa ce a wannan yanki, ta girmi lantarki da daɗewa.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka na yanke wa yaron hukunci da gaskiya baki ɗaya, domin da na koma Kwandiko bayan 'yan watanni na tarar da abin da ya gyara mini fahimta. Injiniyoyin da suka ce tsayuwa ta fi, sun gina maganarsu a kan ɗakin da kowa ke zaune bisa kujera, kunnuwa duka a tsayi ɗaya, shi ya sa ba su damu da ramin da ya koma ƙasa ba. Ɗakunanmu ba haka suke ba. Manya na kan kujera, mata da yara na kan tabarma, kuma yaran su ne ke matsowa gaba dab da talabijin, kawunansu ƙasa da bakin akwatin sosai; su ne suka faɗa cikin ramin da aka kawar daga na gefe. Ƙanwata ce ta fara lura, da ta ga ƙananan suna yawan cewa a ƙara murya alhali manya na cewa ta yi yawa. Yaron ya sauko da akwatunan daga kan teburan da ya ɗora su, ya daidaita ƙaramin bakin, wanda masu gyara ke kira tiwita, a tsayin da ke tsakanin kunnen mai kujera da na mai tabarma, ya ja tabarmar baya da taku biyu, sa'an nan kowa ya samu. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya gargaɗi mai fatawa cewa idan baƙo ya zo masa daga wata ƙasa, kada ya ɗora masa al'adar garinsa, ya tambaye shi al'adar ƙasarsu ya yi masa hukunci a kanta. Ashe wannan ladabi ya shafi har ilmin sauti: muhallin abu bai ƙare a ɗabi'arsa ba, sai an haɗa da sanin mutanen da zai yi wa hidima da yadda suke zama.

Akwai kuma waɗansu haƙƙoƙi da wanda ya ɗauke abu daga gurbinsa na farko ya wajaba ya biya. Akwatin tsakiya yawanci ba a yi shi don ɗaukar gurnani mai zurfi ba, saboda haka dole a gaya wa amfilifaya ta tura abin da ya yi ƙasa da kaɗawa 80 ko 100 a daƙiƙa zuwa ga babban na ƙasa. Dole a duba ƙarfin da aka rubuta a bayansa ya dace da na amfilifayar. Idan yana da ramin iska a baya kada a manna shi da bango. Kuma akwai waɗanda aka ƙera musamman da ƙaramin baki a bisa wani matsakaici don su gyara aibin kwanciya, waɗannan kam tsayar da su ɓata su ne, a kansu maganar Malam daidai take ba gyara. Wanda ya tsayar ba tare da ya duba waɗannan ba, ko da ya dace, dacewar makaho ce da ya taka kuɗi.

Abin da ya sa wannan 'yar magana ta zauna mini a rai har na ɗauki alƙalami shi ne mutane. Mun zama al'ummar da ke karanta rubutun da ke jikin mutum, takardar shaidarsa da sunan gidansu da sana'ar ubansa, mu ce nan ne muhallinsa, ba mu ƙwanƙwasa mu saurara ba. Yaron nan da nake magana a kansa bai wuce sakandare ba, kuma na san da wuya wata ma'aikata ta ba shi damar taɓa na'urarta, alhali ya gano da kunnensa abin da aka rubuta a mujallun injiniyoyi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho kuma ladani, ya riƙe Madina ya ja wa mutane salla idan an fita yaƙi. Kuma shi ne dai ya hana Abu Zarri, duk da gaskiyarsa da zuhudunsa, riƙon mulki, saboda ya ga rauni a tare da shi a wannan fanni. A duka biyun abin da ke cikin mutumin aka duba, aka ɗaga wanda zahirinsa ke cewa a bar shi, aka bar wanda zahirinsa ke cewa a ɗaga shi. Hadisin da ya yi gargaɗi a kan danƙa al'amari ga wanda ba ahalinsa ba muna yawan karanta shi a kan shugabanni, amma ina ganin yana da fuska ta biyu da muke mantawa, ita ce hana al'amari ga wanda yake ahalinsa don kawai rubutun jikinsa ya karkace a idonmu.

Malam, Allah ya saka masa da alheri, da na kai masa abin da na samo na tarihin akwatin, ya saurara har na gama, ya ce, "To, Alhaji, in haka ne ai kwantar da shi aka yi tun can, yaron tayar da shi ya yi." Bai ji nauyin komawa ga abin da ya bayyana ba, kuma tun daga nan yakan zauna a gefen dama kusa da ƙofa, inda ya fi masa sauƙin fita, ya ce yana jin kowace kalma ta mai tafsiri.

Bayan haka ne aka yi walimar saukar karatun almajiransa guda biyu a filin ƙofar gida, kuma da yake lasifikar masallacin unguwa, irin mai bakin kakakin nan ta ƙarfe, ta sami matsala a makon, sai yaron, saboda ƙaunar Malam da kuma amincewar da nasararsa ta farko ta sa masa, ya ɗauko akwatunan nan biyu ya kafa su a waje. Malam da kansa ya ce masa, "Ɗana, anya waɗannan na ɗaki za su iya fili?" Ya ce za su iya. A ɗaki bango huɗu ne ke mayar da sauti ya taimaki akwati. A fili babu mai mayarwa, iska ce ke kwashewa, kuma lasifikar kakaki an yi ta ne don ta tattara ɗan ƙarfi ta harba shi nesa, abin da waɗannan ba su da siffarsa ko a tsaye ko a kwance. Na baya suka ce ba sa ji, ya ƙara murya, suka sake cewa ba sa ji, ya murɗa har ƙarshe, sautin ya fara tsagewa, kuma kafin almajiri na biyu ya kai rabin karatunsa ƙaramin bakin na hagu ya ƙone. Wani daga cikin manyan almajirai mai ƙarfin murya ne ya miƙe ya tsaya tsakiyar taro yana maimaita addu'a don na nesa su ce amin, kamar yadda ake yi kafin zuwan lantarki.

Akwatin yana wajen wani mai gyara a Birnin Kudu, ana jiran a samo masa tiwita irin tasa daga Kano. Kafin nan yaron ya ɗauke na tsakiyar daga ƙarƙashin talabijin ya tsayar da shi a hagu, ya saita amfilifayar ta raba muryar tsakiya ga na gefen biyu, Malam kuwa ya matso da kujerarsa daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar ɗaki.